Ramin da Barmani Ta Huda a Kurmin Ba-Rana

Can kudu da inda fatake ke juya akalar ayarinsu, bayan babban kogi ya rabu biyu, akwai wani kurmi da ake kira Ba-Rana. Tun da aka halicce shi hasken rana bai taɓa sauka a ƙasarsa ba, domin rassan itatuwansa sun saƙu da juna kamar rufin ɗaki, kuma a bisa rufin nan akwai birnin aljanu wanda ba shi da harsashi a ƙasa. Masunta da 'yan fito duk sun san da haka. In jirginsu ya zo daidai bakin kurmin sai su yi gum, su ƙara wa tuƙi sauri.

Barmani ta Tungar Ƙaya ita ma ta sani, ƙin ji dai ta yi. Mace ce mai fito, ƙaƙƙarfa, mai kaushin baki, wadda ta gaji sana'ar daga ubanta. Wata damina ruwa ya buga jirginta da dutse ya tsage gida biyu. Ta tafi wurin ƙanenta Cindo masassaƙi, mutum mai sanyin hali da bai iya yi mata musu ba, ta ce ya ɗauko gatarinsa.

Cindo ya ce, "Yaya, itatuwan bakin kogi duk an sare. Abin da ya rage ko akushi ba zai yi ba, balle jirgi."

"Akwai su a Ba-Rana."

"Akwai masu su kuma."

"In tsoro kake ji, miƙo gatarin, ka zauna ka yi mini daka."

Haka ya bi ta, ransa ba ya so.

Suna shiga kurmin duniya ta canza. Iska ta tsaya cik, zafi mai laima ya lulluɓe su, ruwa na ɗiga daga sama alhali ba hadari. Matsattsaku suka manne musu a ƙwauri. Suka yi ta kutsawa har suka iske wata itaciya wadda saiwoyinta suka taso daga ƙasa kamar katangu, kanta kuwa ya ɓace cikin duhun ganye. Barmani ta dafa ta, ta ce wannan ce.

Cindo ya ɗaura gadon itace a bisa saiwoyin, ya hau, ya kai sara ɗaya. Nan take duk kukan kurmin ya ɗauke, na tsuntsu da na kwaɗo da na gyare. Ya waiwayo idonsa cike da hawaye.

"Yaya, mu koma."

"Sara!"

In ya gaji ta karɓa, in ta gaji ya karɓa, har itaciyar ta yi wata ƙara kamar nishin tsohuwa, ta kwanto. Ba ita kaɗai ta faɗi ba. Igiyoyin daji da suka ɗaure ta da maƙwabtanta suka fizgo su ɗaya bayan ɗaya. Sheƙuna suka zubo, birai suka zubo da 'ya'yansu a ƙirji, tafkunan ruwa da ke cikin ganyaye suka kife da kwaɗinsu, da wasu ƙananan gidaje na saƙa masu ƙofofi. Sai rana ta faɗo ta ramin da aka huda, ta daki ƙasa. Gansakuka ya fara tururi yana naɗewa.

Ta cikin hasken nan wata mace ta sauko, doguwa ƙwarai, fatarta kamar jiƙaƙƙen ɓawo, gashinta igiyoyin daji, idanunta ba fari ko kaɗan. Koren maciji na naɗe a wuyanta.

Ta ce, "Ni ce Magajiyar Inuwa, mai riƙon Ba-Rana daga saiwa har tofo. Wane ne a cikinku ya kayar da Ginshiƙi?"

Cindo ya zube ƙasa. Barmani ta tsaya a kan ƙafafunta, ta ce, "Ranki ya daɗe, ni na sa shi. Itace ɗaya muka ɗauka cikin dubbai."

"Itace ɗaya. Unguwa guda kika rushe, 'yar Adam, kika buɗe mini rauni a tsakar kai. Hannun da ya fara sara shi zai tsaya a gurbin abin da ya sare."

Ta ɗaga yatsa. Saiwoyin cediya suka zuro daga sama kamar macizai, suka naɗe Cindo, suka miƙar da shi tsaye a bisa kututturen, suka ɗaga hannuwansa sama. Kafin Barmani ta kai gare shi sun rufe shi har wuya. Ta kai musu sara, gatarin ya dawo mata kamar ta sari dutse.

"Yaya!" in ji Cindo, saiwa ta rufe bakinsa.

Barmani ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. "Ki ɗauke ni, ki sake shi."

Magajiya ta ce, "Ba na ciniki da mai gatari. Amma ga hukuncina, kurmi shaida ne. Ki dasa ɗan Ginshiƙi a wannan wuri. Ranar da na zagaya ramin nan ban ga ɗigon rana a ƙasa ba, ranar zai fita. Ba wanda zai taimake ki don yana son ki."

Ta ɓace. Barmani ta share fuska, ta shiga duhu neman iri.

Ba ta yi nisa ba ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafarta. Wani tsoho ya taso daga cikin ruɓaɓɓen ganye, jikinsa duk fararen zaruruwa, lemar kwaɗi ta tsiro a kafaɗunsa, gara na shiga hancinsa tana fita ta kunne.

"Tsaya nan. Ni ne Sarkin Ruɓa. Duk matacce da ya taɓa ƙasar nan nawa ne. Me kike ɗauke da shi wanda ba ya numfashi?"

Kafin ta amsa, takalmanta na fata suka narke a ƙafarta, guzurinta ya yi furfura ya zama ƙasa, ƙotar gatarin ta zube gari. Ya bar mata tufafin jikinta kawai, ya ce waɗannan ma yana jiransu.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ci abin da ka ci. Nuna mini inda kuke ajiye irin Ginshiƙi."

Ya yi dariya har gara ta zubo daga bakinsa. "Ajiya? Tona ƙasar nan."

Ta tona da yatsu. Baƙar ƙasar ba ta wuce kaurin tafin hannu ba, ƙarƙashinta jan yumɓu ne mai tauri, ba abin da ke raye a ciki.

"Kin gani? Ba mu da rumbu. Abin da ya faɗo da safe, kafin a jima na mayar wa saiwa, saiwa ta kai sama. Dukiyarmu duk a rataye take, ita kuka sare. In iri kike nema ki hau ki tambayi jemagu. Ki kuma yi sauri, don ga rundunata nan ta ji ƙanshin mai rai."

Ta ji wani sauti kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Kwarkwasa ce, tururuwar nan mai cizo, baƙi ƙirin, faɗinta kamar kogi, gizo-gizo da kunamu da ɓeraye na gudu a gabanta. Barmani ta zura da gudu ba takalmi, ƙaya na tsaga tafinta. Na gaba suka cim mata, suka hau ƙafafunta suna cizo kamar garwashi. Ta kama wata igiyar daji ta yi ta hawa tana kakkaɓe su, ba ta duba ƙasa ba, har kanta ya huda rufin ganye.

Haske ya kashe mata ido. Da ta buɗe sai ga birnin: hanyoyi a kan rassa, furanni a rataye kamar fitilu, aku da cilakowa na ta kai da kawo, aljanu ƙanana masu dogayen yatsu suna ɗiban ruwa a cikin ganye. Daga ko'ina tururi ke tashi daga itatuwa yana haɗuwa ya zama girgije, girgijen ya zubo musu ya sake tashi. Suna ganinta suka san ta. Suka shiga jifanta da ɓawo da ƙwallaye, birai na tofa mata yawu, har ta faɗa kogon wata itaciya don ta tsira.

Kogon cike yake da jemagu a rataye. A tsakiyarsu akwai wata tsohuwa mai girman ɗan maraƙi, ta buɗe ido ɗaya.

"Ga mai rusa gida ta kawo kanta. Ni ce Jakadiyar Jemagu. Faɗi abin da ke tafe da ke kafin 'ya'yana su farka."

Barmani ta faɗa mata.

Jakadiya ta ce, "Ginshiƙi biyu ne a Ba-Rana, kin kashe ɗaya. Ɗayar tana can ƙarshen birni, ta yi fure, amma ba ta haihuwa sai an kai mata garin furen 'yar'uwarta. Mu ke kaiwa a gashin ƙirjinmu, ita kuma ta shayar da mu zuma. Yanzu furannin waccan suna ƙasa suna bushewa, mu kuwa ba ma sauka ƙasa. Kin kashe mai rai, kin mayar da ɗayar juya, kin sa mu yunwa. In kina da ƙirji, ki kai da kanki."

Barmani ta sauko ta koma ramin. Ta tarar rana ta ƙone rabin furannin. Ta kwance ɗankwalinta, ta yi ta tura kanta cikin waɗanda suka rage har gashinta ya zama rawaya. Ta ɗaga ido ta dubi Cindo. Idanunsa kaɗai suka rage a waje, suna bin ta.

Ta sake hawa, ta bi rassa tana rarrafe, ƙasa can nesa ba ta ko ganuwa. Wani reshe da ta dafa ya motsa, ashe mesa ce, ta sake shi ta faɗo kan na ƙasa haƙarƙarinta ya bugu. Hadari ya taso, ta lulluɓe kanta da faffaɗan ganye, ta bar jikinta ya sha duka don kada garin ya wanke. Da ta isa ga ɗaya Ginshiƙin, ta bi furanninta ɗaya bayan ɗaya tana goga musu gashinta, ƙudan zuma da rina na harbinta a fuska har idonta ɗaya ya rufe.

Ta zauna a kan itaciyar tana cin ragowar abin da birai suka yar, wata ya fito ya mutu, ya sake fitowa ya mutu. Furanni suka kaɗe. A duk itaciyar ɗa ɗaya ne ya kama, ya girma ya kai ƙwarya. Ta tsinke shi, ta buga shi da reshe, ta cije shi, ko alama bai yi ba.

Wani cilakowa da ke kallonta ya ce, "Wauta ke nan. Ɗan Ginshiƙi ba ya tsira sai ya bi ta cikin giwa. Giwaye kuwa danginki sun kore su, saura Toron Gishiri, shi kuma ya rantse duk ɗan Adam da ya gani sai ya shimfiɗa shi. Bi rafi ya kai ki. Ina so in ga yadda za ki ƙare."

Ta sauka ta bi rafi, ruwa har ƙugu, kada na kallonta daga gefe, har ta fito wani fili mai laka inda namun daji ke lasar gishiri. Can ta gan shi, toron giwa mai girman soro, haurensa ɗaya a karye. A kafaɗarsa akwai tsohon rauni yana tsiyaya, ƙudaje sun rufe shi. Yana jin warinta ya taso. Ya naɗe ta da hanci ya maka ta da laka, ta ji hannunta na hagu ya karye. Ya ɗaga ƙafa a bisa kanta.

Ta yi ihu, "Ranka ya daɗe, akwai ƙarfe a kafaɗarka! Duk kurmin nan ba mai yatsun da za su ciro shi sai ni."

Ƙafar ta tsaya a sama. Toron Gishiri ya ce, "Yatsu irin naki ne suka sa shi."

"Su ne. Ka bari in cire, sannan ka taka."

Ya durƙusa. Ta zura hannunta mai lafiya cikin raunin har gwiwar hannu, wari na neman kayar da ita, ta laluba ta kama kan mashi, ta taka jikinsa da ƙafa ta fizgo. Ya yi wata kururuwa da ta sa tsuntsaye suka watse. Ya daɗe yana huci. Sannan ya miƙa hanci ya ɗauki ɗan Ginshiƙin ya haɗiye.

Ya ce, "Ba don ke ba. Uwata ta ci 'ya'yan itaciyar nan, ita ma uwarta haka. Ki biyo ni daga nesa. In kika matso, na fasa haƙuri."

Ta bi shi da karyayyen hannu, ta cikin fadama da sarƙaƙiya, yana tafe yana cin duk abin da ya gamu da shi, har ya sauke kashinsa a bakin wani rafi ya wuce bai waiwayo ba. A tsakiyar kashin ga ƙwallon, ɓawonsa ya yi laushi. Ba ta tsame shi ba. Ta tattara kashin gaba ɗaya a ɗankwalinta, ta ɗora a ka.

Da ta iso ramin ta tarar ya zama wani abu dabam. Ƙasa ta tsage, ruwan sama ya kwashe baƙar ƙasar ya bar jan yumɓu. Gangar jikin itaciyar da suka sha wahala a kanta, Sarkin Ruɓa ya riga ya cinye rabinta. Ta binne ƙwallon da kashin a gindin kututturen. Ya tsiro, ganye biyu jajaye masu taushi, rana ta taɓa su suka fara lanƙwashewa.

Magajiyar Inuwa ta bayyana a gefen ramin, inda haske bai kai ba. Ta ce, "Kin dasa. Ɗan Ginshiƙi ba ya jure rana yana ƙarami, kuma kafin kansa ya kai rufi jikokin jikokinki sun zama ƙasa. Na gaya miki ba na ciniki."

Barmani ta ce, "Kin san da haka tun farko."

"Kin san kurmin da masu shi tun farko."

Barmani ta matsa kusa. Ta sunkuya a kan tsiron ta yi masa inuwa da bayanta. Rana ta gasa ta har fatar ta saɓule. In rana ta karkata ta karkata da ita. Tana nan sunkuye ta ga wasu ƙananan tsirrai na fitowa daga kashin giwar, irin duk abin da toron ya ci a hanya. Su ba su tsoron rana, shanta suke yi. Ta cire su da saiwarsu ta rarraba a faɗin ramin, ta kwaso ruɓaɓɓen ganye daga cikin duhu ta rufe jan yumɓun, tana jin Sarkin Ruɓa na zaginta. Suka tashi da sauri, itatuwa masu laushin jiki da faffaɗan ganye kamar lema. Da suka yi 'ya'ya tsuntsaye suka zo ci, suka zubar da wasu irin. Jemagu suka biyo baya. Ba wanda ya gaishe ta a cikinsu.

Damina ta bi damina. Gashin Barmani ya yi fari, bayanta ya ƙi miƙewa, hannun hagu ya warke a karkace. Kullum takan yi wa Cindo hira, ko da yake ba ya amsawa, ta ba shi labarin tsawon da tsiron ya kai. Wata safiya ta duba ƙasa ta rasa inuwarta. Ta ɗaga murya ta kira Magajiya.

Magajiya ta zo, ta zagaya wurin a hankali tana duban ƙasa, ta sake zagayawa. Macijin wuyanta na huci.

"Wannan rufin talakawa ne. Ba Ginshiƙi ba ne."

Barmani ta ce, "Ranki ya daɗe, ga ɗan Ginshiƙi nan a ƙarƙashinsu, ya fi ni tsawo. Kin ce ranar da ba ki ga ɗigon rana a ƙasa ba. Kin ce kurmi shaida ne. Nuna mini ɗigon."

Babu ɗigo ko ɗaya. Magajiya ta ɗaga yatsa, saiwoyin cediya suka saki, Cindo ya faɗo. Fatarsa ta yi kaushi kamar ɓawo, gansakuka a gemunsa, hannuwansa sun ƙi saukowa sosai.

Magajiya ta ce, "Ɗauki abinki. Amma wanda ya sha ruwan kurmina ta tafin ƙafa ba ya mantawa. Duk inda ya taka ƙasa, nan zai kafu. Ku fita, kada in sake jin warinku."

Barmani ta duba, sai ta ga fararen zaruruwa na fitowa daga yatsun ƙafarsa suna neman ƙasa. Ta tsinke su, ya yi ƙara. Ta juya masa lanƙwasasshen bayanta.

"Hau."

Muryarsa ta fito da ƙyar, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. "Yaya, ba za ki iya ba. Ki bar ni nan, na saba."

"Na ce hau!"

Ta goya shi. Ta yi ta tafiya tana tangaɗi, birai na bin su ta sama suna jifa, igiyoyi na harɗe mata ƙafa. In ta faɗi sai ta faɗi ta ciki don kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Da suka fito bakin kogi ba ta tsaya a kan yashi ba, ta shiga ruwa da shi ta zaunar da shi a kan wani dutse, ta koma ta karyo gwangwala ta ɗaure su da igiya, ta ɗora shi a kai, ta tura.

Ruwa ya ja su. Cindo ya daɗe yana kallon kurmin na ja da baya. Can ya ce, "Akwai wata tsuntsuwa da ta yi sheƙa a kafaɗata. Ban ga fitar 'ya'yanta ba."

Barmani ta buɗe baki za ta yi masa tsawa kamar yadda ta saba, sai ta fasa. Ta cire ɗankwalinta ta jiƙa a kogi, ta shiga goge masa gansakukan fuska.

Cindo bai sake taka ƙasa ba har ya bar duniya. Mutanen Tungar Ƙaya suka kafa masa rumfa a kan ruwa, a can ya rayu, a can yayarsa take kai masa tuwo safe da yamma, tana tafe a sunkuye, ruwa har gwiwa.